Ciwon Gwiwa: Yadda Likitoci Ke Gano Irinsa Da Hoto Da Ruwan Gaɓa

A Kauru da kewaye, da gwiwar dattijo ta kumbura sai a ce "sanyi ne", a nemi man shafawa ko a kira wanzami ya yi ƙaho. Amma ciwon gwiwa iri-iri ne, wani ma yana lalata gaɓa cikin 'yan kwanaki. Hanyoyi biyu ne suka fi taimaka wa likita ya bambance su.

Hoton ƙashi

Wanda ya fi yawa shi ne amosanin gaɓɓai, wato zaizayewar guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa. Tsufa, ƙiba, tsohon rauni da yawan tsugunno duk suna kawo shi. Ana ɗaukar hoton eksire mutum yana tsaye, don nauyin jiki ya nuna yadda tazarar ƙasusuwan ta ragu. Likitoci na bin ma'aunin da Kellgren da Lawrence suka fitar a Ingila a 1957, daga mataki na 0 zuwa na 4, inda ƙashi ke gogar ƙashi. Sai dai fa hoto ba ya auna zafi: wani hotonsa ya yi muni amma yana zuwa gona, wani kuwa ko ruku'u ba ya iyawa alhali hotonsa da sauƙi.

Eksire ba ya nuna guringuntsi da jijiyoyi, wannan aikin MRI ne. Ba kowa ke buƙatarsa ba. In ta kama, akan tura mutum asibitin koyarwa na Shika ko na Jos, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano.

Ruwan gaɓa

Idan gwiwa ta tara ruwa, likita na zuƙo shi da sirinji a kai ɗakin gwaji. Ruwan amosani garau yake, ruwan ɗorawa, mai yauƙi, fararen ƙwayoyin jini a ciki ba su kai 2,000 a ma'auni ɗaya ba. In sun haura haka, akwai kumburi. In sun wuce 50,000, ruwan ya yi kamar mugunya, ana zargin ƙwayar cuta. Ana kuma duba gishirin yurik, alamar cutar gawut, da ƙwayar tarin fuka. Wasu sinadaran da guringuntsi ke zubarwa a ruwan har yanzu bincike ake yi a kansu, ba gwajin yau da kullum ba ne.

Mu da ke harkar shanu, a kula da bakkale. Cutar nan mai sa saniya ɓari tana kama mutum ta ɗanyar madara ko taɓa mahaifa, ta sauka a gwiwa da zazzaɓi mai kai da komo. A gaya wa likita sana'ar da ake yi.

Bibiya

A adana tsofaffin hotuna da takardun gwaji, da su ake kwatantawa a ga ko ciwon na gaba. Kada a yarda mai kemis ya tsira allura a cikin gaɓa. Gwiwar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, musamman ga yaro ko mai sikila, a kai shi babban asibiti irin na Kafanchan a ranar, kar a kwana.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.