Karayar ƙashin damtse ga tsofaffi: yadda ake gane ta da yadda ake jinyarta

Ƙashin damtse shi ne dogon ƙashin da ya taso daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. Ga tsofaffi, wurin da ya fi karyewa shi ne can sama, dab da kafaɗa. Ba sai an yi haɗarin mota ba. Santsi a wurin alwala, tuntuɓe a bakin ƙofa, ko tunkiya ta ja igiya, tsohuwa ta dafa ƙasa da hannu, shi ke nan. Dalili kuwa, ƙashi yana rage ƙwari da shekaru, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada.

Alamominta

Zafi mai tsanani a kafaɗa, kumburi, da kasa ɗaga hannu. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai jini ya kwanta ƙarƙashin fata, wurin ya yi duhu, wani lokaci har ya gangaro gwiwar hannu da gefen ƙirji. Da yawa sukan ce targaɗe ne ko gocewar kafaɗa. Ido da taɓawa ba su iya rarrabewa. Hoton ƙashi, wanda muke kira radiyo, shi ke nuna gaskiyar abin.

Taimakon farko

Kar a ja hannun, kar a murza shi. A naɗe kallabi ko rawani a rataya hannun a wuya, ya kwanta a jikin ƙirji. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi ya kama. Daga nan a nufi likita mafi kusa. Idan babu na'urar hoto, za su tura ku gaba, kamar manyan asibitocin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai.

A gaggauta, ko da dare ne, idan ƙashi ya huda fata, ko yatsu sun yi sanyi, ko hannu ya mutu ba a jin taɓawa, ko wuyan hannu ya langaɓe ba ya ɗaguwa. Wannan alama ce jijiya ta taɓu.

Yadda ake jinya

Mafi yawan irin wannan karaya ba ta bukatar aiki. Idan ƙashin bai goce sosai ba, rataya kawai ake yi na kamar mako 3, gwiwar hannu tana lilo ba a tokare ta ba, don nauyin hannun shi ke miƙar da ƙashin. Ƙashin kan haɗe cikin mako 6 zuwa 12, amma ƙarfin kafaɗa yakan ɗauki watanni, har shekara guda. Wani bincike da aka yi a Ingila kan mutum 250, wanda ya fito a 2015, ya gano cewa bayan shekara 2 babu wani bambanci na a zo a gani tsakanin waɗanda aka yi wa tiyata da waɗanda aka rataya wa hannu.

Tiyata tana da wurinta: idan ƙashin ya farfashe, ko kansa ya fita daga gurbi, ko akwai buɗaɗɗen rauni. A nan lokotoro zai sa ƙarfe da kusoshi, ko ya canza kan ƙashin da na ƙarfe.

Kwanakin farko a riƙa barci a kishingiɗe. Yatsu da wuyan hannu a motsa su tun ranar farko. Idan lokotoro ya ba da izini, a sunkuya a bar hannun yana lilo a hankali. Kafaɗar da aka daɗe ba a motsa ba sandarewa take yi, har sa riga ya gagara.

Maganar ɗori da magani

Mun san da yawa wajen mai ɗori ake fara zuwa. To, abin tsoro shi ne ɗauri mai tsanani da karare: yana tare jini, nama ya ruɓe, ƙarshenta a yanke hannu. Karayar da ke kusa da kafaɗa ma karare ba su riƙe ta. Don rage zafi, farasitamol ya fi sauƙi ga tsoho. Diklofenak da ibuprofen suna iya taɓa ciki da ƙoda, tramol na bakin hanya kuma yana sa jiri, a sake faɗuwa.

Ku ƴan uwa da ke Libiya, Aljeriya, Abijan ko Legas, idan aka kira ku aka ce Inna ta faɗi, kuɗin mota da na hoto su ne farko. Bayan an warke a kula da nono, zogale, riɗi da ƙananan kifi, a sa fitila a hanyar makewayi, a ba tsoho sanda. Wanda ya karye sau ɗaya ya fi kusa da karaya ta biyu, ta ƙugu kuwa ta fi wannan muni. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.