Sunan da ya bi gida

Ya kai mai karatu, ɗauko takardar haihuwarka ka duba. Sunanka ne a gaba, na ubanka yana biye. A takardar ɗanka kuwa, naka sunan ne zai koma baya, na kakan yaro ya fita.

Haka muka gada. Dubi gidan sarautar Gobir. Sarki Babari ya haifi Yakuba, ana ce masa Yakuba ɗan Babari. Yakuba ya haifi Mayaƙi, wanda ya kafa Tsibiri, nan ƙasar Gidan Rumji, bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Shi kuma Mayaƙi ɗan Yakuba ake ce masa.

Mutanen Ingila ma da can haka suke. Amma bayan shekarar 1066 manyan ƙasar suka fara riƙe suna guda ga gida duka, sannu a hankali talakawa suka bi. Kafin shekarar 1400 yawancin gidaje sun samu nasu. Sunan da ya fi yawa a can shi ne Smith. Ka san ma'anarsa? Maƙeri ke nan! Yau sai ka iske Smith likita ne, bai taɓa riƙe masaba ba, ko zugazugi bai sani ba.

Mu a nan suna yana canjawa, shi ya sa kuskuren takarda ke jawo rigima wajen gado ko jarrabawar yara. In ka je yi wa jariri takarda, ka karanta sunayen da kanka tun ba ka bar ofis ba.