Koyar da Kiyaye Aukuwar Bala'o'i Ta Darasin Nazarin Zamantakewa

Nazarin zamantakewa darasi ne da ake koyarwa a makarantun firamare da ƙananan sakandare domin yaro ya san muhallin da yake zaune a ciki da haƙƙoƙin da ke kansa a matsayin ɗan ƙasa. Saboda haka masana ilimi suke ganin babu darasin da ya fi shi dacewa da koyar da yara yadda ake shirin tunkarar ambaliya, gobara, fari da annoba, da kuma yadda ake rage ɓarnarsu. Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa, wato NERDC, ita ke tsara manhajar makarantu a Najeriya, amma aiwatarwa tana hannun jihohi da ƙananan hukumomi.

Asalin wannan tunani

A watan Disamba na shekarar 2004 wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 10, Tilly Smith, tana bakin teku a Phuket ta ƙasar Tailan sai ta ga ruwa yana kumfa yana sauya kama. Ta tuna da abin da malaminta ya koya musu makonni biyu kafin nan game da igiyar tsunami, ta shaida wa iyayenta, aka kwashe mutane daga wurin kafin igiyar ta iso. A 2005 ƙasashen duniya suka amince da Tsarin Hyogo a Japan, wanda ya sanya ilimi cikin manyan hanyoyin rage bala'i, sa'annan Tsarin Sendai ya maye gurbinsa a 2015. Ranar 13 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin wannan batu.

Abin da ya shafe mu

A nan ƙasar, ambaliya ce kan gaba. Ta 2012 ta hallaka mutum 363 ta kuma raba sama da miliyan 2 da gidajensu, ta 2022 ta ci rayuka fiye da 600. A Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye wani babban sashe na Maiduguri, kuma a Mayu 2025 garin Mokwa na Jihar Neja ya rasa mutum fiye da 150. Dattawa a Kano ba su manta da fashewar madatsar Bagauda a 1988 ba.

Darasin da ya dace da yaron karkara ya kamata ya fara daga ƙofar gidansu. Malami zai sa ɗalibai su zana taswirar garinsu a allo ko a ƙasa: ga rafi, ga fadama, ga kududdufin da ake haƙar ƙasar gini, ga tudun da ruwa bai taɓa kaiwa ba, ga hanyar da za a bi zuwa can cikin dare. Daga nan sai ya tura su wurin kakanninsu su tambayo inda ruwa ya tsaya a shekarun baya. Wannan aiki ba ya bukatar kuɗi, kuma sau da yawa abin da tsofaffi suka sani ya fi abin da ke cikin littafi amfani ga wannan gari. A nan ne ake nuna wa yaro dalilin abu: shara da leda suna toshe magudanar ruwa, gini a kan hanyar ruwa yana karkatar da shi gidan maƙwabci, sare itatuwa yana sa ƙasa ta kasa riƙe ruwan sama, katangar laka kuwa idan ta sha ruwa kwana biyu ko uku tana iya faɗowa a kan masu barci. Ana kuma jaddada masa cewa ruwan da ke gudu, ko da bai wuce gwiwa ba, yana iya kayar da babban mutum.

Batu na biyu da bai kamata a tsallake shi ba shi ne kwasar fetur idan tankar mai ta faɗi. A Oktoba 2024 sama da mutum 150 suka mutu a Majiya ta Jihar Jigawa, kuma a Janairu 2025 irin haka ta sake faruwa a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja. Yaro ya san cewa tururin fetur ne ke kama wuta, kuma tartsatsi ɗaya ya isa. Abin yi shi ne nesanta da wurin da sanar da manya.

Sauran batutuwan sun haɗa da gobarar lokacin hunturu, sanƙarau a lokacin zafi, amai da gudawa da ke biyo bayan ambaliya, da sanya rigar kariya a cikin kwale-kwale.

Rawar da shugabanni za su taka

An kafa Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, a 1999, kuma dokarta ta tanadi kafa irin wannan tsari a jihohi. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ita kuma NIHSA tana bayyana ƙananan hukumomin da ke fuskantar barazanar ambaliya. Matsalar ita ce wannan bayani kan maƙale a ofisoshi cikin Turanci. Ya dace sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya isar da shi ga shugabannin makarantu kafin saukar damina, domin a karanta shi a aji da harshen da yara ke ji.

Abin lura kuma, makarantu ne wuraren da aka fi tsugunar da waɗanda ruwa ya kora, wanda hakan ke tsayar da karatu na makonni. Don haka ana shawartar kwamitin kula da makaranta, tare da dagaci da masu unguwanni da limamai, su zauna tun kafin watan Yuli su tsayar da wurin taruwa, su duba rufi da katangun azuzuwa, su kuma gudanar da atisayen fita daga aji aƙalla sau ɗaya a kowane zangon karatu. A sanya makarantun allo da Islamiyya cikin shirin, domin yara da yawa a can suke wuni. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma kiran ta kyauta ne.