Damargu, Rumbun Abzin: Tarihin Ƙasa da Cimaka a Yankin Gangara

Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun dangantakar da ke tsakanin ƙasa, cimaka, lafiya da fatauci a Damargu, musamman yankin Gangara, tun daga tsakiyar ƙarni na 19 har zuwa zamaninmu. Mai karatu yana iya tambayar abin da ya kawo wannan zance cikin mujallar nazarin harshe. Dalili shi ne, darussan karatun manya da ake kai wa wannan yanki cike suke da maganar dashen itace da yaƙi da gurgusowar hamada, amma sau da yawa an tsara su ne da idon mutumin kudu. Wanda zai rubuta wa Badamarge littafi, wajibi ne ya fara sanin yadda kakanninsa suka rayu a ƙasar.

Damargu tudu ce mai faɗi tsakanin Damagaram da Abzin. Babban garinta, Tanut, yana wajen kilomita 150 arewa da birnin Zinder, Gangara kuwa tana kudu maso yamma da Tanut. Can yamma akwai kwarin Tarka, inda Belbeji take, wadda aka cire daga Tanut aka mai da ita gunduma a 2011. Babu kogi a ƙasar, sai tabkunan damina da rijiyoyi masu zurfi ƙwarai, ruwan sama kuma a shekaru da dama ba ya kai milimita 300. Mazaunanta sun haɗa da Dagirawa, masu harshe dangin Barebari, da Hausawa, da Abzinawa da Bugaje, da Fulani. Hausa ce ke haɗa su a kasuwa.

Zamanin ayari

A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da Abdulkarim, ya sauko Damargu tare da ayarin gishiri na Annur, wani babba daga cikin Kel Ewey. A Tagelel ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson, bayan ƴan kwanaki kuma ya rabu da Overweg, kowa ya kama hanyarsa. Abin da ya ɗauki hankalinsa bayan ya ƙetare hamada shi ne gonakin hatsi da rumbuna, ya kuma fahimci cewa da hatsin wannan ƙasa mutanen Abzin ke rayuwa.

To, yaya ƙasa mai ƙarancin ruwa haka ta ciyar da kanta, har ta ciyar da maƙwabta? Amsar tana cikin yadda aka ɗaura noma da kiwo da fatauci da igiya guda. Bayan damina ayari yakan tashi daga Abzin ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma ɗauke da hatsi, domin mutanen Kawar ba su noma abin da zai ishe su. Ya dawo da kantun gishiri da dabino, sa'an nan ya gangaro kudu, ya bi ta Damargu da Damagaram har Kano. Raƙuma da awaki su yi rani a gonakin da aka girbe, su ci kara da harawa, su bar taki. Manomi ya ba da hatsi ya karɓi gishiri da dabba da cuku. Idan fari ya yi tsanani, makiyayi ya san inda zai dosa, zama manyan Abzinawa suna da ƙauyukan barorinsu jere tun daga Damargu har ƙasar Katsina da Kano. Masanin tarihi Stephen Baier, wanda littafinsa a kan tattalin arzikin tsakiyar Nijar ya fito a 1980, ya nuna cewa wannan jerin ƙauyuka shi ne mafakar da ke sa dukiya ta sake tofowa bayan kowane fari.

A ɓangaren manomi kuwa, ƙasa tana da yawa, mutane kaɗan ne. In gona ta gaji sai a bar ta saura shekaru, a sassabe wata. Shekarar albarka ba a cinye ta duka: mai gida yakan rufe babban rumbu bayan kaka, ba a buɗe shi sai aikin damina ya taso, gidan da ya amsa sunansa kuma yana da tsohon hatsi ajiye. In rumbu ya ƙare a sayar da akuya, in awaki sun ƙare a shiga daji, in daji ya gaza a yi ƙaura.

Amma fa kada mu yi wa wannan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Yawancin masu noman nan bayi ne ko talakawa masu biyan gaisuwa ga wanda ke tsare su, kuma mai tsaron yau yana iya zama mahari gobe. A ƙarshen ƙarnin, Imuzurag, waɗanda ƙarfinsu ke wajen Gangara, sun yi ta rikici da Kel Ewey a kan haƙƙin wucewar ayari. Tsarin ya kiyaye ƙasa, bai yi wa kowa adalci ba. Gaskiya biyun duka ya kamata su shiga littafi.

Yadda igiyar ta tsinke

Sojojin Faransa sun kama Zinder a 1899, a cikin shekarar kuma rundunar Foureau da Lamy ta ratsa Damargu daga Agadas. Suka kafa bariki a Jajiduna, daga baya aka mai da shi Tanut. Cikin shekaru ashirin abubuwa suka sauya fiye da yadda suka sauya a ƙarni guda. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hajar Turai ta koma shigowa ta teku, fataucin Tarabulus ya mutu. Aka ɗora lanho, wato haraji, wanda daga baya sai da kuɗi ake biyansa, don haka manomi ya shiga sayar da hatsi tun da kaka, lokacin da ya fi araha. Aka riƙa kama raƙuma domin dakon kayan gwamnati. Ana cikin haka farin 1913 ya zo, ya haifi yunwar da ƙasar Hausa ke kira Kakalaba, wadda ta kashe mutane ba iyaka a 1914. Kafin a farfaɗo sai ga yaƙin Kawsan, wanda ya kewaye barikin Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Ramuwar da Faransawa suka yi ta watsa Abzin, Abzinawa da yawa suka gudu Nijeriya, dabbobinsu suka salwanta.

Fataucin gishiri bai mutu ba, har yau raƙuma na zuwa Bilma, ko da yake motoci sun ci rabonsu. Abin da ya mutu shi ne ikon da ke haɗa arewa da kudu wuri guda. Daga nan manomi da makiyayi suka zama maƙwabta biyu masu neman abu ɗaya.

Iyakar 1961

Shekarun 1950 sun zo da ruwa mai yawa. Zaman lafiya ya samu, jama'a ta ƙaru, kudu ta cika da gyaɗa, sai manoma suka yi ta kafa tunga suna matsawa arewa cikin makiyaya. Sabuwar gwamnatin Nijar ta ga haɗarin, ta yi doka mai lamba 61-05 ta 26 ga Mayu 1961, wadda ta shata iyakar noma ta arewa, ta hana buɗe sabbin gonaki bayanta. Damargu tana bakin wannan iyaka. Dokar tana da hikima, amma layi ne a takarda, ruwan sama kuwa ba ya karatu. A lokaci guda aka haƙa rijiyoyin burtsatse a makiyaya, ruwansu na kowa ne, saɓanin rijiyar gargajiya wadda sai an nemi iznin mai ita. Garkuna suka taru inda da can ba su daɗewa, ciyawa ta ƙare a kewayen ruwa.

Da ruwa ya ja baya daga 1968, aka tarar da gonaki a wurin da hatsi ba ya nuna, da shanu a wurin da babu abin ci. Yunwar 1973 da 1974 tana cikin dalilan da sojoji suka bayar sa'ad da Seyni Kunce ya kifar da Diori Hamani ran 15 ga Afrilu 1974. Ta 1984 ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, shi ya sa a ƙasar nan ake kiran ta El Buhari. Wannan suna kaɗai darasi ne. Talaka bai laƙaba wa yunwar sunan fari ba, ya laƙaba mata sunan wanda ya toshe hanyar kudu, domin ya san cewa ƙafa da kasuwa su ne mafakarsa ta ƙarshe. Ya kamata masu bincike su tattara sunayen yunwa gari gari kafin tsofaffin da suka san su su ƙare, domin da su ake lissafin shekarun haihuwa da na ƙaura.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi shafar lafiya, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Makiyayan da suka rasa dabbobi suka zauna suka kama noma, shanu da yawa suka koma hannun ƴan kasuwa da ma'aikata. Saura ta ragu, zama kowace gona tana da mai jiran ta. Kara, wanda da ake bar wa baƙon garke a madadin taki, ya zama haja: a kwashe shi ƙaf, a tara, a sayar da bazara. Gonar da aka tsiraita haka iskar hunturu ke ɗebe mata ƙasa, guguwar farkon damina kuma ta binne yabanya da rairayi, har manomi ya yi shuka biyu ko uku da irin da ya kamata ya ci. Da dabbobin gida suka ragu, nono ya ragu cikin fura, sai ruwa da tsaki. Yaron da aka yaye a kan irin wannan fura shi ne tamowa ke kamawa, kuma lokacin da rumbu ke ƙarewa, wato tsakiyar damina, shi ne lokacin zazzaɓin sauro da gudawa. A 2005, bayan fari da fara na 2004, hatsi bai ɓace daga kasuwa ba, amma buhu ya doshi jika 30 a wasu wurare, farashin akuya kuwa ya faɗi. A shekarar nan ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar. An dai samu wasu nasarori: tun 2006 doka ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa kurkunu, ciwon ruwan tabki da ke kwantar da manomi ana tsakar noma, ya ƙare a ƙasar.

Gawo da anza

Dokar gandun daji ta Turawa ta 1935, da tamu ta 1974, sun sa itace a hannun gwamnati. Sakamakon shi ne manomi ya ɗauki itacen gonarsa a matsayin mai jawo tara, gara ya tumɓuke shi tun yana ƙarami. Taron Maradi na Mayu 1984 a kan hamada ya ƙarfafa dashe, amma dashen da ya rayu kaɗan ne. Abin da ya yi tasiri shi ne sassaben zamani, wanda aka fara yaɗawa a jihar Maradi tun 1983: maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, a zaɓi biyu ko uku a gyara su su girma. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itace ya dawo a kan hekta wajen miliyan 5 a Nijar, dokar gandun daji ta 2004 kuma ta sassauta wa mai gona.

Sai dai mafi kyawun wannan labari na Magarya da Matamai da Mirya ne, ƙasar gawo, inda ruwa ya fi yawa. Itacen Damargu su ne aduwa, da kandili, da dakwara mai ƙaro, da magarya, da jiga, da anza. Littafin da ya zana gawo a kowane shafi, manomin Gangara zai karanta shi kamar labarin wata ƙasa. Tun ƙarshen shekarun 1980 wata ƙungiya mai suna Eden ta kafa gonar gwaji a Dalli, kusa da Tanut, inda ta gwada shuka irin itacen daji masu ba da abinci kai tsaye a gona, ba tare da reno ko ban ruwa ba. Anza tana cikinsu. Tana yin ƴaƴa ko a shekarar da hatsi ya ƙi, a jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, a dafa a ci. Matsalarta guda ce, kuma ta harshe ce: sunanta ya haɗu da yunwa, har cin ta ya zama abin ɓoyewa, kamar tonon gidan tururuwa ko sussukar ƙarangiya. Tun 2014 ana sarrafa ta a Zinder ana sayarwa, wannan ya fara ɗaga darajarta. Haka nan ankutes, hatsin Damargu mai gajeren kai da saurin nuna, wanda cibiyar binciken noma ta INRAN ta tace ta fitar da iri daga gare shi, bai kamata a rasa sunansa a littafin noma na yankin ba.

A nan ne aikinmu yake. Mun ƙirƙiro kalmomi irin su "kare muhalli" da "ci gaba mai ɗorewa" domin fassara takardun taro, suna kuma da amfaninsu a rediyo da ofis. Amma mai koyon karatu a tunga yana da tattali da tsimi, da saura da burtali, da binne, wato shukar da ake yi kafin ruwa ya sauka, da fako da jigawa. Kowace ɗaya tana ɗauke da aiki da hukunci, wato wa ke da iko da me, kuma yaushe. Dokar tsarin karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun tanadi kiyaye burtali da mashaya, amma kwamitin ƙasa na ƙauye ba zai yi aiki da su ba sai an rubuta su da waɗannan kalmomi. Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Zinder a 1973, Hausar Damagaram ta samu shiga littafi, ta Damargu kuwa, da aronta daga Tamajak da Barbarci, tana jiran mai tattara ta. Ko a ƙamus ma akwai gyara: wasu na cewa anza, wasu hanza, ya kamata a shigar da duka biyun, sa'an nan a ba dilo gurbinsa dabam, tun da shi sunan ƴaƴan ne da ake ci, ba na itacen ba.