Hadda a Matsayin Makami: Yadda Taurarin Labaran Mugun Zamani Ke Bijire wa Azzalumar Gwamnati

Gabatarwa

Akwai wani reshe na ƙagaggun labarai da Turawa ke kira distofiya, wanda a nan za mu kira labaran mugun zamani. Marubucinsa yakan ƙago ƙasar da hukuma ta kai maƙura wajen danniya, har ta shiga tsakanin mutum da tunaninsa, sannan ya jefa tauraronsa a ciki domin a ga yadda zai yi. Da'awar wannan maƙala ita ce: a fitattun littattafan wannan reshe, bijirewa tana farawa ne daga ƙin mantuwa, kuma ba ta gyara al'umma sai abin da mutum ɗaya ya riƙe ya zama na jama'a.

Gandun Dabbobi: shirun mai sani

Bahaushe ya sadu da irin wannan adabi a cikin harshensa ta hannun Bala Abdullahi Funtua, wanda ya mayar da littafin George Orwell na 1945 zuwa Gandun Dabbobi a 1975. Dabbobi sun kori mai gandun, Nomau, suka rubuta dokokinsu bakwai a jikin bango. Da aladu suka ɗanɗana mulki, sai suka riƙa bin dare suna yi wa dokokin kwaskwarima, yau a ƙara kalma, gobe a ƙara biyu. Duk dabbar da ta ji kamar ba haka dokar take ba, sai Karambana, kakakin aladu, ya shawo kanta da daɗin baki har ta ƙaryata kanta.

Dubi dabbobi biyu. Akawal doki ne mai ƙarfi da amana, amma bai iya karatu ba, don haka duk matsalar da ta taso sai ya ƙara ƙwazon aiki. Ranar da ƙarfinsa ya ƙare, mahauta aka sayar wa shi. Aura kuwa jaki ne da ya iya karatu sarai, amma ya zaɓi kame baki. Bai ɗaga murya ba sai da ya karanta rubutun da ke jikin motar da ta zo ɗaukar abokinsa, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ƙarfi ba sani, da sani ba magana, su ne suka shimfiɗa wa Maitumbi, shugaban aladu, tabarmar mulki.

Mutum ɗaya da jama'a

A littafin Orwell na 1949, mai suna 1984, aikin Winston Smith shi ne sauya tsofaffin jaridu domin jiya ta dace da abin da jam'iyya ke faɗa yau. Laifinsa na farko ƙarami ne a ido: ya sayi littafin rubutu, ya raɓe a lungun ɗakinsa inda na'urar leƙen asiri ba ta hango shi, ya fara rubuta abin da ya tuna. Sai dai shi da masoyiyarsa Julia kaɗai suka san sirrin, kuma wanda suka amince wa, O'Brien, ɗan sandan ciki ne. Aka azabtar da Winston har ya bashe ta, ya fito yana ƙaunar wanda ya karya shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ray Bradbury ya bi wata hanya a Fahrenheit 451 na 1953. Guy Montag ma'aikacin ƙona littattafai ne, har ranar da ya ga wata tsohuwa ta gwammace wuta ta cinye ta tare da littattafanta. Ya tsere daga birni, ya tarar da wasu mutane a bayan gari, kowanne ya haddace littafi ko wani sashe nasa, suna jiran ranar da za a sake rubutawa. Bambancin Montag da Winston ba na jarumta ba ne. Winston ya ajiye gaskiyarsa a takarda ɗaya, Montag ya shiga cikin masu raba ta a ƙiraza da yawa.

Ma'aunin gida

Wannan dabara ta hadda ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Wanda ya ratsa unguwar Gwadabawa a Jimeta da asuba ya san amon yara masu biya karatu, allo a kan cinya. Idan yaro ya haddace, sai ya wanke allon, tawada ta bi ruwa, karatun ya zauna a ƙirji inda wuta ba ta kai wa. Da irin wannan hikima Nana Asma'u ta tura jajis ɗinta, wato malamai mata, ƙauyuka a ƙarni na 19, suna koya wa mata waƙoƙin ilimi da ka. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, Malam Aminu Kano da abokansa sun dogara da wayar da kan talaka ya san haƙƙinsa, kuma ɗauri bayan ɗauri bai rufe bakin Hajiya Gambo Sawaba ba. A 1984 kanta, Doka ta 4 ta gwamnatin soja ta kai 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor kurkuku. Abin da Orwell ya ƙaga, tarihinmu ya san ƙanshinsa.

Wani zai ce yawancin taurarin waɗannan labarai faɗuwa suke yi, to ina gyaran? Amsa ita ce gyaran yana faruwa a wajen littafin. Wanda ya ga ƙarshen Akawal ba zai ƙara ɗaukar biyayya marar tambaya a matsayin kishin ƙasa ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Kammalawa

Mun ga cewa azzalumar hukuma a waɗannan labarai tana fara cin jama'a da yaƙi ne ta hanyar goge jiya, tauraro kuma yana tsira ne idan ya tuna, ya faɗa, ya sami abokan riƙo. Don haka muna kira ga malaman Hausa a Jami'ar Modibbo Adama da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Yola su mayar da Gandun Dabbobi gaban ɗalibai, su kuma marubutanmu matasa su ƙago namu labaran mugun zamani da sunayenmu da garuruwanmu. Al'ummar da ta iya karanta rubutun bango da kanta, ba a sauya mata doka da dare.