Giyumri, garin da tsofaffin gidaje suka tsaya

Yau tarihi zai kai mu nesa, can ƙasar Armeniya, wani gari da ake ce ma Giyumri. Shi ne birni na biyu bayan Yereban, yana bisa tudu mai tsawon kusan mita 1,500, daf da iyakar Turkiyya. Sanyi kam ba a magana.

In muka shiga tsohuwar unguwar Kumayri, abin da zai fara ɗaukar mana ido shi ne gidajen baƙin dutse, hawa ɗaya ko biyu, da ƙofofin ƙarfe aikin maƙeran garin. A 2023 UNESCO ta sa ƙirar Giyumri cikin al'adun gado na duniya.

Garin ya sha sauyin suna. Zamanin sarakunan Rasha, a 1837, aka raɗa masa Aleksandropol. A 1924 Tarayyar Sobiyet ta maida shi Leninakan. Sai a 1992 ya koma Giyumri. Bayan kisan gillar da aka yi ma Armeniyawa a daular Usmaniyya daga 1915, marayu sama da 20,000 aka tara nan, har aka riƙa kiransa birnin marayu.

To amma ranar da ba sa mantawa ita ce 7 ga Disamba 1988. Ƙarfe 11 da minti 41 na safe, yara na cikin aji, ƙasa ta girgiza. Mutane wajen 25,000 suka rasu a yankin. Dogayen benayen da gwamnati ta gina, wasu hawa tara, suka zube bisa mutane, don an yi ha'inci wajen siminti da aikin ginin. Gidajen kakanni kuwa, waɗanda ake ma kallon tsohon yayi, da yawansu suna nan tsaye har gobe. Babbar majami'ar tsakiyar gari ita ma ta faɗi, sai bayan shekara sama da 30 aka kammala gyaranta. Iyalai da dama sun kwashe shekaru cikin kwantenonin ƙarfe, suna jiran gida.

Jama'a, girgizar daga Allah take, amma buhun simintin da aka rage hannun mutum ne ya rage shi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba magina tsoron cin amana.