Me ya sa baƙar fata ke fitowa kamar toka a zanen 3D?

1/ Jiya na kwana ina gyara hasken fuskar wani dattijo a Blender, sai fitowa yake furu-furu kamar an baɗe shi da toka. Abin yana da tarihi, ku biyo ni.

2/ Rembrandt, mai zanen Holan na ƙarni na 17, yakan haska gefe ɗaya na fuska, ya bar ɗan alwatikan haske ƙarƙashin ido a ɓangaren duhu. Har gobe 'yan 3D na kwaikwayonsa.

3/ A 2001 Henrik Wann Jensen da abokansa suka fitar da lissafin yadda haske ke ratsa fata, ya watsu, ya dawo. Da irinsa aka yi Gollum a 2002. Fata ta daina kama da roba.

4/ Amma fa farar fata aka fi dubawa. Tamu kuwa, melanin na shanye hasken da yawa, kyanta yana cikin sheƙi ne.

5/ Pixar ma sai da ta nemi shawarar Bradford Young, baƙin Ba'amurke mai ɗaukar fim, don Soul na 2020.

6/ Ni dai na rage wancan lissafin, na kafa faffaɗar fitila a gefe. Wallahi nan take dattijo ya farfaɗo.